Hulunan Saura Kaɗan

Mijina mai aski ne, kuma kaf layinmu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Saura Kaɗan ake ce masa. In ka zauna a kujerarsa ka ce kana sauri, zai ce maka "saura kaɗan" tun bai ɗaura maka zane a wuya ba. Ya gama gefen dama, saura kaɗan. Ya ja da baya ya karkata kai yana duban ƙeyarka kamar mai zaɓen kankana, saura kaɗan. An taɓa yin wani ango da ya shigo gyaran fuska, sai da abokansa suka zo da mota suka ɗauke shi da kumfa a kunne. Ni kuma, saboda duk abin da ya kawo na ɓarna sai na ce a'a, ya laƙaba mini Gwamnati. In abokansa suka ce a je wani wuri, sai ya ce bari ya ji ko Gwamnati ta amince.

Shagon a gaban gidanmu yake, ɗaki ɗaya ne, ƙofarsa ta baya kuma cikin kicin ɗina take buɗewa, don haka babu gulmar da aka taɓa yi a shagon nan ban ji ta ba. Kujerar aski ɗaya ce, fatarta ta tsage an liƙe da salatif. Akwai madubi mai tabo a kusurwa, da dogon benci a jikin bango, da rediyon da ba ya kama tasha sai an jingina masa buroshi. Makullin shagon a wata ƙusa yake rataye kusa da madubi. Almakashinsa uku, kowanne da aikinsa, kuma in kana son ganin ɓacin ran mutumin nan, ɗauki ɗaya ka yanka zare da shi. Na taɓa gwadawa ina amarya, ban sake ba.

A shagon muka haɗu. Na kawo ƙanena aski, ina tsaye a bakin ƙofa ina jira, mutumin nan ya yi ta "saura kaɗan" yana satar kallona ta madubi, har ƙanen nawa ya yi barci, har kan ya koma tas, alhali ragewa kawai aka ce a yi. Mahaifiyarmu ta ga kan ta ce in koma in yi masa faɗa. Na koma na yi faɗan, ga shi yau shekara arba'in da ɗoriya ban gama ba.

Ba shi da wata sana'a sai wannan, ba shi da wani abin sha'awa sai ita. In kwastomansa ya kwanta ciwo, sai ya zuba kayan aiki a jaka ya bi shi har gadon asibiti, wai mutum ba ya warkewa da ƙazamin gemu. In muna tafiya a titi ba fuskokin mutane yake kallo ba, ƙeyarsu yake bi da ido, yana tsaki in ya ga an karkata layi.

Bencin nan kuwa yana da masu shi. Akwai Direba, wanda ya tuƙa bas har ya yi ritaya, mai sanƙo tun daga goshi har kusan ƙeya, amma yana zuwa a gyara masa ɗan abin da ya rage a gefe kamar mai shirin shiga gasa. Akwai Mai Kemis na kan kwana, mai yawan gashi da yawan ƙorafi. Akwai tsohon Hedimasta, wanda har yanzu in zai yi magana sai ya ɗaga yatsa. Su da wasu irinsu, in suka zo aski sai su wuni, a yi musun ƙwallo, a ɗora daga gardamar da aka bari makon jiya. Mijina bai cika sa baki ba, yana aski yana murmushi, amma ni na san hayaniyar nan ita ce abincinsa.

Gardamarmu ɗaya ce ni da shi, kuma duk ƙarshen shekara take tashi, lokacin da kamfanoni ke raba wa kwastomominsu kalanda da biro da kofuna masu tambari. Sai ya shigo kicin yana sosa ƙeya.

"Gwamnati, bana kam ya kamata mu ma mu ɗan ba mutane wani abu."

"Mu ba su me? Banki ne mu? Malam, shago mai kujera ɗaya kyautarsa ita ce ya yi aiki mai kyau. Ka aske mutum ya fita da kunnuwansa biyu, ai ka gama masa komai. Kuma in ka fara bana, baɗi da ido za su shigo suna duban hannunka."

"Ba ki gane ba. Mutum ya zo ya kwantar da kai, ya miƙa mini maƙogwaronsa ina riƙe da aska, ya rufe ido har ya yi gyangyaɗi. Wa ke yi wa banki haka? Ai ya kamata a ce masa an gode da wani abu a hannu."

"Ka faɗa masa da baki, zai ji."

Wata shekara ya saci jiki ya sayo mataji katan guda ya raba ban sani ba. Bai yi tunani ba ya miƙa wa Direba nasa a gaban jama'a. Direba ya dubi matajin, ya shafa sanƙonsa, ya ce, "Na gode, zan ajiye wa jikoki su ga abin da kakansu ya yi amfani da shi yana saurayi." Ya daɗe bai yi wa mijina magana ba, amma bai fasa zuwa ya zauna a benci ba, a kusa yake yin fushinsa. Tun daga nan na kafa doka, babu kyauta, kuma dokar ta daɗe tana aiki.

Abu biyu ne suka karya ta. Na farko, wasu samari suka buɗe shagon aski a tsallaken titi, da fitilu masu launi da talabijin da kujeru masu juyawa. Matasan layin suka koma can, kuma da shekara ta zo ƙarewa samarin suka raba abin rataye makulli mai sunan shagonsu. Na biyu shi ne babban ɗanmu.

Manaja muke ce masa, don tun yana ƙarami yake tsara wa kowa abin da zai yi, kuma bakinmu ya kama shi, ya girma ya zama manaja a wani kamfanin rarraba kaya. Yaron kirki ne, kar a ji ni ba daidai ba. Ya zo wata ranar hutu ya tarar babansa ya tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi, sun kumbura saboda tsayuwa.

"Baba, ya isa haka," in ji shi. "Akwai mai sayar da kayan waya yana neman shago a layin nan. A ba shi haya, kai ka huta. Me muka rage ka da shi?"

"Su Direba fa, ina za su zauna?"

"Baba, su Direba ba su da gidaje ne?"

Aka ja, aka ja, aka tsaya a kan cewa in sanyi ya wuce Manaja zai zo ya duba. In ya ga shagon ba ya tafiya, zai karɓi makulli. Mijina ya ce ya yarda, da muryar wanda aka ce gobe za a cire masa haƙori.

Ni kuwa na san hutun mutumin nan. Ya taɓa yin targaɗe a ƙafa, likita ya hana shi shago na ɗan lokaci. A zaman nan ya daidaita bakin tsintsiyata da almakashi, ya aske gezar labulen falo, ya rage wa shukar bakin taga ganye har ta bushe, kyanwarmu da ta ga abin ya matso kusa ta ƙaura gidan maƙwabta. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne, daga baya ya daina ko wannan, ya zauna yana kallon bango, abinci sai na yi da gaske yake ci. Na san in aka rufe shagon nan mijina zai bi shi a hankali, kuma ina tsoron hakan ƙwarai.

Shi ya sa da ya shigo kicin ƙarshen shekarar nan yana sosa ƙeya, ban bari ya fara ba.

"Me kake so a ba su?"

Ya tsaya yana kallona, har ya leƙa bayana ko wata ce ta yi maganar. "Hula," in ji shi. "Irin wadda kike saƙa wa jikoki. Ga sanyi ya shigo. Abin rataye makulli kowa na iya saye a kanti, amma hular da aka saƙa don kanka kai kaɗai fa?"

Ina saƙa tun ina budurwa, da kwarashi da zaren ulu, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Na ce to, amma ta yaya zan san girman kawunansu, ko layi za su yi in bi su da tef? Ya ce ba sai an kira kowa ba, ba a so su sani. Ya zauna a kujerar kicin, ya rufe ido, ya ɗaga hannayensa biyu ya buɗe su a iska, sai ka ce yana riƙe da kan mutum.

"Wannan Mai Kemis ne. Auna."

Na zagaya tef ta cikin yatsunsa ina dariya. Ya matse su kaɗan ya ja baya, ya ce Hedimasta ne, kansa dogo ne ta ƙeya. Ya faɗaɗa su, ya ce Direba, kuma in yi masa mai kauri don shi ba shi da rufi. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina naɗe tef sai ya ce saura ɗaya. Ya sake rufe ido, hannayen suka matso kusa da juna sosai.

"Wannan kuma ɗan wane ne?"

"Manaja mana."

Ɗanmu ya doshi arba'in, kuma kan gidanmu ya ɗauko, babba masha Allah. Abin da ke tsakanin hannayen babansa kuwa kan yaro ne. Tun yana ƙarshen firamare abokansa suka yi masa dariya wai askin babansa na tsofaffi ne, ya daina zama a kujerar, kuma babansa bai taɓa ce masa don me ba. Na dubi mijina, ido a rufe, fuska cike da jin daɗi, na kasa faɗa masa. Na auna, na saƙa ta yadda ya nuna, shuɗiya mai layin fari, na tura ta ƙasan kwandon zare. Da ya tambaya na ce zaren kalar ya yanke, sai an kawo.

Sauran kuwa na saƙa har yatsuna suka yi kanta, ina yi ina mita, shi kuma yana kawo mini shayi yana cewa saura kaɗan. Ranar rabo shagon ya cika. Duk wadda aka sa sai ta zauna cif, babu wadda ta kuskure. Direba ya sa tasa mai ruwan toka, ya dubi madubi, sanƙo ya ɓace, ya ce a nemo masa bas ya koma bakin aiki. Hedimasta ya ɗaga yatsa ya yi jawabin godiya har shayi ya huce. Mai Kemis ya juya tasa ciki da waje yana neman abin kushewa, bai samu ba, ya ce kalar ta yi duhu, amma bai cire ba. Mijina ya leƙo kicin bakinsa har kunne ya ce, "Gwamnati, kin gani?" Na ce na gani.

Ba a jima ba shago ya fara shiru. Da farko muka ce hutu ne, mutane sun yi tafiya. Hutu ya ƙare, benci yana nan wayam. Mijina ya share shagon da babu gashin sharewa, ya wasa askar da ba ta dakushe ba, ya fito ya tsaya a ƙofa. Abin haushin, ga mutanen nan suna wucewa ta gabansa, kowa da hularsa, suna ɗaga masa hannu da fara'a, wani ma ya ce har barci yake yi da tasa.

Ni na gano abin, a kemis. Na je sayen man zafi na ƙafar mijina, Mai Kemis ya sunkuya zai ɗauko daga ƙasan kanta, hular ta zame. Wallahi abin da na gani a ƙarƙashinta, tsuntsu zai iya sheƙa a ciki.

"Kai, yaushe rabonka da aski?"

Ya mayar da hular da sauri. "Maman Manaja, to wa ke gani? Ai tun da kuka ba mu hular nan na huta. Ga ta da miƙewa, duk inda gashin ya kai tana ɗauka."

Na fito ina magana ni kaɗai a titi kamar sabon kamu. Mai aski ya raba wa kwastomominsa abin rufe kai. Shekara da shekaru ina cewa kyauta ba ta ƙananan shaguna ba ce, ranar da na sassauta sai muka zaɓo wadda ke kashe sana'ar aski, kuma da hannuna na saƙa ta. A hanya na gamu da Direba na tare shi, ya ce shi ɗan gefen da ake gyara masa hula ta rufe, kuma in ya je wa zai tarar a benci su yi musu?

Na faɗa wa mijina ina jiran ya yi fushi. Sai ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To ai sun ji daɗinta ke nan." Da dariyar ta lafa ya juya yana duban kujerar. Can ya ce, "Allah ya sa mai kayan wayar ya bar madubin. A jikin bango yake, in aka ce za a cire fashewa zai yi." Maganar nan ta tsaya mini a rai, ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Kuma kamar da gayya, sai ga oda tana shigo mini. Matar Hedimasta tana so wa ƙanenta, Mai Kemis yana son baƙa ta fita unguwa, mai gidan burodi yana son fara. Mutane su shigo ta shagon mai aski, su wuce kujerarsa, su ƙwanƙwasa ƙofar kicin suna neman mai hula. Shi kuma ya nuna musu hanya da ladabi, har ya riƙe musu ƙofa.

Dabarar ta zo mini ina shanya. Na rataye safar ulu da ta saki ta zama kamar ta ƙato, kusa da ita ga tawul ɗin shago na auduga, shekara da shekaru ana wanke shi bai ƙaru ba bai ragu ba. Ulu ne ya cuce mu, don yana miƙewa. Zaren auduga kuwa inda ka ɗaure shi nan yake tsayawa.

Washegari na ɗauki kujerata da kwandon zare na shiga shagon na zauna a ƙarƙashin rediyo. Mijina ya ce, "Gwamnati ta ƙaura ne?" Na ce ofis na buɗe. Na aika wa duk mai hula cewa ulu yana saki in an wanke, kowa ya kawo tasa in sa mata baki mai ƙarfi, kyauta. Mai son sabuwa ma ya zo da kansa, ba na karɓar awo ta waya.

Mai Kemis ne ya fara zuwa. Ya cire hula ya miƙo mini kai, na ja da baya.

"Ba na auna daji. In na auna a kan wannan, ranar da ka yi aski hular har hanci za ta faɗo maka. Ga kujera can."

"Ina sauri fa, na bar kemis ba kowa."

"Saura kaɗan," in ji mijina, ya riga ya kaɗe zanen aski.

Da aka gama na auna kan a sabon aski, na saƙa bakin hular da zaren auduga, daidai cif, ba ragi ba ƙari. Na miƙa masa na ce, "Ka ji sharaɗinta tun yanzu, kar gobe ka ce an yi maka wayo. Ranar da ka ji ta matse ka, ba hular ba ce, kanka ne. Ka san inda za ka zo."

Mijina bai so ba da farko, ya ce shi kyauta ya yi, ba tarko ya ɗana ba. Na ce tarkon da aka nuna wa mutum aka kuma yi masa bayanin yadda yake aiki ai ya zama agogo. Hedimasta yana kan kujera a lokacin, ya ɗago yatsa daga ƙarƙashin zane ya ce yana goyon bayan Gwamnati, aka wuce wurin.

Kafin wata ya zagayo huluna suka fara aiki. Mai Kemis sai da ya sha maganin ciwon kai kafin ya tuna da sharaɗi, ya shigo da layi a goshi yana ƙorafi, ya zauna. Shi kuwa Direba, na faɗa masa gaskiya cewa tasa ba za ta taɓa matse shi ba, sai ya ji haushi ya ce nuna bambanci ne. Duk ranar da ya hango sauran sun shigo sai ya biyo su yana yamutsa fuska, wai tasa ma ta matse, kuma ba wanda ya musa masa. Benci ya dawo, musun ƙwallo ya dawo, mijina ya koma cinye abincinsa har yana neman ƙari.

Manaja ya zo wata Asabar da hantsi kamar yadda ya ce. Ya tarar benci ya cika har an ɗauko kujerun kicin. Na ce a raina magana ta ƙare, ashe ban san ɗan da na haifa ba. Ya gaishe da kowa da ladabi, ya tsaya yana kallon babansa yana aiki, idonsa a kan ƙafafun, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Baba, na ga mutane. Amma cikar shago ai ƙarin tsayuwa ce. Dubi ƙafarka. Na riga na ce wa mai kayan waya ya zo ya ga wuri ranar Litinin."

Mijina ya ajiye almakashi. Ba mai gardama ba ne, kuma bai taɓa iya ce wa yaron nan a'a ba. Na ga hannunsa ya nufi ƙusar da makulli ke rataye. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yaron yana da gaskiya, ƙafar ta kumbura, kowa na gani.

Direba ne ya sa baki, don shi shiru ciwo yake sa masa. "Manaja, kai ina taka hular? Kowa a nan da tasa, ɗan gida ne babu?"

"Ai an auna masa," in ji mijina, ya juyo gare ni. "Gwamnati, har yanzu zaren bai zo ba?"

Na so in ce bai zo ba. Sai kawai na sa hannu ƙasan kwando na zaro ta na miƙa. Manaja ya karɓa yana murmushi, ya ɗora a ka, ya ja, ya sake ja. Hular ta zauna a tsakiyar kansa kamar murfin kwano. Shago ya ɗauki dariya, Direba har da dukan cinya, shi ma Manajan ya dubi madubi ya yi dariya.

Mijina kaɗai bai yi ba. "Ba daidai kika auna ba," in ji shi. "Ni hannuna bai taɓa kuskuren kai ba." Ya ɗaga hannayen ya buɗe su a iska yadda ya nuna mini a kicin, ya matso da su kusa da kan ɗansa don kowa ya shaida. Kan ya fi ƙarfin abin da ke tsakaninsu nesa ba kusa ba. Ya dubi hannayen, ya dubi kan, ya sake duban hannayen.

"Au," ya ce a hankali. "Ashe rabon hannuna da kanka ke nan."

Ba wanda ya sake dariya. Manaja ya cire hular yana juya ta a hannu. Ni dai tuni hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba. Can ya juya ga Hedimasta, wanda layi ya zo kansa.

"Baba Hedimasta, a yi mini alfarma in riga ka."

Hedimasta ya ɗaga yatsa, ya rasa jawabi, sai ya nuna masa kujera da shi.

Manaja ya zauna. Babansa ya ɗaura masa zane, ya ɗora tafukansa biyu a kan nan ya bar su a wurin, bai ɗauki almakashi ba tukuna.

"Har furfura ka fara," in ji shi.

"Baba, kar a rage da yawa, ina da taro ranar Litinin."

"Saura kaɗan."

Ba a taɓa aski mai tsawon wannan a shagon ba. Na dafa shayi aka sha, na sake dafawa, kuma babu wanda ya ce yana sauri, har Mai Kemis. Da aka gama Manaja ya dubi madubi, ya shafa ƙeya, ya ce askin tsofaffi ne, kuma ya dace da shi tunda shi ma ya kama hanya. Ya fita waje da wayarsa, ta taga na ji yana ba mai kayan waya haƙuri.

Bai bar maganar ƙafa ba, don Manaja ne. Ya aiko da doguwar kujera mai taya wai Baba ya riƙa aski a zaune, ya kuma ce a riƙa rufe shago da wuri. Kujerar a kanta ake ajiye shayi, sai in an hango motarsa Direba ya yi tari, mijina ya yi maza ya hau. Rufewa da wuri kuwa a hannuna take, kuma a nan Gwamnati ba ta wasa.

Yanzu masu shagunan layin suna zuwa tambayata ko su ma su riƙa kyautar ƙarshen shekara. Mai faci ya ce yana tunanin raba ƙananan famfon iska, mai yanka makulli kuma ya ga abin rataye makullin samarin can ya burge shi. Na ce kowa ya je gida ya zauna ya yi tunani da kyau. Ni har gobe ina kan bakana cewa shago mai kujera ɗaya ba banki ba ne. Mijina ya ce shi ya ci gardamar, na ce ya tambayi wadda ta sa zaren auduga.

Ranar askin, bayan kowa ya watse, mijina ya zauna a kicin ya rufe ido ya buɗe hannaye, na ɗauki sabon awo. Na saƙa wa Manaja tasa, bakinta na ɗan ƙara matse shi fiye da na kowa, kuma shi ban karanta masa sharaɗi ba. Ba ya daɗewa sai ga shi ya shigo yana ƙorafin hula, ya jira layi a benci tsakanin Direba da Mai Kemis. Ƙaramar shuɗiyar kuwa na ce wa mijina ya ba ni in warware in yi amfani da zaren, ya hana. Tana nan rataye a ƙusa ɗaya da makullin shago, shi ya rataye ta da hannunsa.